Yadda Ake Karanta Alƙaluman Magungunan Damuwa Ba Tare da An Ruɗe Ba

Duk shekara hukumar lafiya ta Ingila, wato NHS, tana fitar da alƙaluman magungunan ciwon damuwa da likitoci suka rubuta, kuma kusan duk shekara jaridu kan yi kanun labari cewa adadin ya kai matakin da bai taɓa kaiwa ba. A shekarar kuɗi ta 2022/23 an ba da irin waɗannan magunguna sau miliyan 86 ga mutane kimanin miliyan 8.6. Kafin ɗan jarida ko ɗalibin kiwon lafiya ya yanke hukuncin cewa ciwon ne ke yaɗuwa, akwai tambayoyin da ya kamata ya yi wa alƙaluman.

Tambaya ta farko ita ce, me aka ƙirga? Miliyan 86 ɗin nan ba mutane ba ne, yawan lokutan da aka miƙa magani ne bisa takardar likita. Majinyacin da ake ba shi maganin kwana 28 a kowace karɓa zai shiga lissafi sau 13 a shekara, alhali wanda ake ba shi na wata biyu zai shiga sau shida ko bakwai, ko da kuwa ƙwayoyin da suka sha daidai suke. Saboda haka sauya tsawon takardar magani kaɗai yana iya kumbura jimilla ba tare da an samu sabon majinyaci ko ɗaya ba. Adadin mutane shi ne abin da za a fara nema.

Bayan an samu adadin mutane, sai a duba tsawon lokacin da suke kan maganin, kuma a nan ne masu sharhi da yawa suke zamewa. Ka'idar likitoci ita ce a ci gaba da sha na aƙalla wata shida bayan an samu sauƙi, wanda ciwon ya sha dawo masa kuma yakan daɗe fiye da haka. Idan sababbin masu farawa ba su ƙaru ba amma tsofaffin ba su daina ba, jimilla za ta riƙa hawa kamar tafkin da ruwa ke shiga ba ya fita. Dainawar ma ba abu ne mai sauƙi ga kowa ba: a shekarar 2019 hukumar NICE, mai tsara ka'idojin jinya a Ingila, ta gyara shawararta, ta amince cewa jiri, rashin barci da fargabar da ke biyo bayan yanke maganin na iya tsananta kuma su daɗe ga wasu, shi ya sa ake rage shi sannu a hankali ƙarƙashin kulawar likita.

Sannan a tambayi dalilin rubuta maganin. Amitriptyline yana cikin rukunin magungunan damuwa, amma likitoci na yawan ba da kaɗan daga cikinsa don ciwon jijiya da ciwon kai na ɓari ɗaya, kuma lissafin bai bambanta su ba.

Kwatanta ƙasa da ƙasa yana bukatar ƙarin taka-tsantsan. Binciken Amurka na shekarun 2015 zuwa 2018 ya nuna kashi 13.2 cikin ɗari na manya sun sha maganin damuwa a cikin kwana 30 kafin a tambaye su, mata kashi 17.7, maza kashi 8.4. Ingila kuwa ta ƙirga kashi 17 cikin ɗari na manya a 2017/18, amma na shekara guda cur, daga takardun magani. Ajiye waɗannan biyun gefe da gefe kuskure ne, domin awon wata ɗaya ba zai yi daidai da na shekara ba. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ke lissafa kason magani na yini ga kowane mutum dubu.

A ƙarshe a tuna cewa irin wannan lissafi yana ganin abin da ya bi ta hannun likita ne kawai. A wuraren da mutum kan shiga kemis ya sayi magani irin su amitriptyline ba tare da takarda ba, kamar yadda ake yi a garuruwanmu da dama, alƙaluman asibiti za su nuna ƙasa da abin da ake sha a zahiri, sai an haɗa su da binciken gida-gida da bayanan masu shigo da magani.