Yadda ake bin sawun jikokin mutanen Satiru

Ni malamin tarihi ne a sakandare, na yi ritaya, kuma abin da ya ci mini lokaci tun da na ajiye alli shi ne neman zuriyar mutanen Satiru. Mu kaɗan ne muka haɗa kai, muna son ranar 10 ga Maris ta riƙa zuwa da saukar Alƙur'ani da addu'a ga waɗanda suka mutu, jikokinsu na zaune a sahun gaba. Wasu matasa sun tambaye ni ta ina za su fara, to ga yadda na bi, har da inda na yi tuntuɓe.

Ka fara sanin labarin sosai kafin ka ƙwanƙwasa ƙofar kowa, don dattijo yana gane wanda ya zo da kai fanko. Satiru ƙauye ne kudu da birnin Sakkwato, tafiyar kilomita ashirin da 'yan kai. Talakawa ne da bayin da suka gudo daga iyayen gijinsu, suka taru a kan aƙidar zuwan Mahadi, suka ƙi haraji, suka ƙi Nasara, suka ƙi sarakunan da suka bi Nasara. Jagororinsu Malam Isa da wani malami makaho, Ɗan Makaho, wanda ya tsallako daga ƙasar Zabarma bayan Faransawa sun murƙushe boren Kobkitanda. Ranar 14 ga Fabrairun 1906 suka far wa sojan dokin Nasara da gatura da fartanya da baka, suka kashe Turawa uku, Hillary da Scott da Blackwood, da sojoji baƙar fata wajen 25, har suka ƙwace bindiga mai ruwa. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu. Ƙiyasin da aka fi kawowa shi ne mutum 2,000 suka mutu, aka kora mata da yara wajen 3,000 zuwa Sakkwato, aka ƙone garin, Sarkin Musulmi Attahiru na biyu ya tsine wa duk wanda ya sake gini ko noma a wurin.

Riƙe jimlar ƙarshen nan, don ita ce ke sauya aikin gaba ɗaya. Maza sun mutu, gari ya zama kufai, mata aka raba wa gidaje. Mu kuwa Hausawa ta wajen uba muke jan salsala. Duk wanda ya je yana tambayar "wa kakansa ya yi yaƙin Satiru" zai dawo hannu rabbana, kamar yadda na dawo watanni da dama. Zuriyar Satiru tana ɗakin kakanni mata. Tambayar da ke buɗe ƙofa ita ce: mahaifiyar kakarka, daga ina aka zo da ita?

Lissafin shekaru yana gefenka, amma ba don daɗewa ba. Yarinya mai shekara 10 a 1906, in ta kai 80, ta rasu a 1976. Jikar da ta kwana ɗakinta, ta ɗebo mata ruwan alwala, yanzu ta haura sittin. Su za ka nema, ba maza masu rawani ba. Kuma kai namiji ba ka shiga cikin gida, don haka tun farko ka sa mace a aikin, mai hankali, wadda ta iya zama a tabarma ta taya tsohuwa ɓarar gyaɗa awa biyu ba ta ciro littafi ba. Ni ƙanwar matata ce ta yi mini wannan, kuma gaskiya rabin abin da ke hannuna nata ne.

Takardu suna da amfani, sai dai kada ka sa musu rai fiye da kima. Ka je Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna ka nemi fayilolin Lardin Sakkwato, waɗanda ake wa lamba SOKPROF, ka leƙa Arewa House, cibiyar binciken tarihi, tunda kana garin. A gida akwai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, akwai kuma kundayen digiri a sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda ɗalibai suka yi hira da tsofaffin da yanzu ba su da rai. Waɗannan kundaye na fi so, saboda a ƙarshensu akan jera sunan wanda aka zanta da shi da ƙauyensu, ga ka da gidan da za ka fara sallama. Rahoton Bature kuwa sunan Bature yake kiyayewa. Za ka ga sunan hafsa da muƙaminsa da inda aka sare shi, mutanen Satiru kuwa adadi ne kawai. Abin da za ka tsinta shi ne sunayen ƙauyukan da ke kewaye, da sarakunan da suka ba Nasara mahaya don yaƙin, irin su Marafa Maiturare wanda ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Ka rubuta su duka, don inda mahayan suka koma nan wasu matan suka ƙare. Ka lura Bature na rubuta suna yadda kunnensa ya ji, suna ɗaya kan fito da fuska uku.

Ga tuntuɓen da na yi. Na gaji da yawo, sai na biya aka yi mini sanarwa a wani gidan rediyo cewa ana neman jikokin mutanen Satiru. Kafin mako ya zagayo zaurena ya cika. Ashe magana ta juya a kasuwa, ta zama wai Ingila za ta biya diyya. Kowa ya zo da kakansa jarumi, kowa kakansa ne ya ɗauke bindiga mai ruwa. Waɗanda kuwa suke da jinin gaske ko ɗaya bai zo ba, daga baya na gane dalili. Kada ka yi shela. Kuma duk gidan da ka shiga, kafin a kawo maka ruwa ka faɗa da bakinka cewa ba kuɗi a ciki, addu'a ce kawai.

Hanyar da ta yi aiki ita ce ta gargajiya. Ka je wa hakimi da gaisuwa, ya haɗa ka da dagaci ko mai unguwa, kai kuma ka nemi liman da kanka, don liman ya san wanda ya wanke wa gawa da wanda ya ɗaura wa aure. Ka riƙe goro. Wanzamai da tsofaffin maroƙa ma kada ka raina su: wanzami ya san tsagar kowane gida, ya san matar da ta shigo da tsagar da ba ta garin ba, maroƙi kuma yana riƙe da kirarin da masu gidan suka manta ko suke so a manta.

Wani dattijo da na je wa a wani ƙauye gabas da Boɗinga ya bar ni tsugune ya gama lazimi, sannan ya dube ni ya ce, "Kai ɗan wa na? Mi kaka biɗa ga matattu?" Na ce, "Baba, addu'a muke son yi musu." Ya yi shiru har na zaci korata zai yi. Sai ya aika aka kira yayarsa. Tsohuwar ta zauna bayan asabari, ba ni take wa magana ba, abokiyar aikina take wa. Ta ce kakarsu ba ta taɓa furta sunan garin ba, "can" kawai take cewa. Ba ta cin abinci in ana harba bindigar sallah, takan shige ƙuryar ɗaki ta toshe kunne. In tana niƙa akwai waƙar da take yi ƙasa-ƙasa, da an shigo sai ta yanke. Tsohuwar ta tuna baiti biyu, ta rera, muryarta na rawa, sannan ta ce a kashe wayar. Muka kashe, baitin nan bai shiga littafina ba har yau.

Wannan shi ne abin da shelar rediyo ba za ta taɓa kawo maka ba. A gidaje da yawa asalin Satiru ba abin tutiya ba ne. Yana nufin kakarku an kamo ta, ta shigo gidan a matsayin baiwa ko sa-ɗaka, daga garin da Sarkin Musulmi ya tsine wa. Har gobe akwai inda irin wannan magana ke ɓata neman aure. Don haka kada kalmar "baiwa" ta fara fita daga bakinka. Su za su ce "an zo da ita" ko "ta gidan nan ce", kai ma ka tsaya a nan. Kafin ka tashi ka tambaya dalla-dalla: a rubuta suna ko a sakaya, a gayyace su ko a bar su, a ajiye muryar ko a goge. Wanda ya ce a'a, a'arsa ta zauna, ko da labarinsa ya fi na kowa daɗi.

Tantancewa kuma dole ce, ko ba ka so. Tsofaffi ba sa ƙirga da shekarar Bature, sai ka auna da sarauta: Attahiru na biyu har 1915, Maiturare har 1924, Tambari har 1931, Hasan ɗan Mu'azu har 1938, sannan Abubakar na uku. In aka ce kaka ta yi haihuwar fari lokacin yunwar Ƙaƙalaba, wato wajen 1914, lissafi ya hau. In aka ce an haife ta zamanin Tambari amma ta ga yaƙin da idonta, to labarin mahaifiyarta ne ya gangaro kanta, ka koma baya da ɗaki ɗaya. Ba na ɗaukar gida a matsayin tabbatacce sai na ji labarin daga reshe biyu da ba su zauna tare ba, misali jikar da ta yi aure Gusau da ɗan'uwanta da bai bar ƙauye ba. Littafina kashi uku ne: tabbas, mai yiwuwa, da ji-ta-ji-ta. Kashi na uku ya fi kauri nesa ba kusa ba.

Wanda ke da hali ya tsallaka Nijar, wajen Dosso, tunda can wutar ta fara kamawa, a Yamai kuma akwai rahotannin Faransawa. Ka tafi da mai jin Zabarmanci.

Sai batun taron kansa. Ka sanar da fada tun da wuri, cikin ladabi, don labarin ya shafi gidan sarauta kai tsaye, kuma jikokin mahayan da suka bi Bature maƙwabtanka ne, wasu ma jininsu ɗaya da waɗanda kake nema, tunda kakar daga Satiru take kakan kuma shi ya zo da ita. Sojoji 25 ɗin nan da suka mutu ranar farko su ma 'ya'yan wasu ne, a sa su a addu'a. Kada ka ba ɗan siyasa lasifika. Kada a kira sunan gidan da bai yarda ba, ko da a cikin godiya.

Tsohuwar nan ta bayan asabari ta ce ba za ta zo ba, kuma kada a ambaci gidansu. Amma ta aiko jikanta da kwanon gero, ta ce a dafa a yi wa kakarta sadaka, ta faɗa masa sunan a kunne ya faɗa wa liman kaɗai.