Yadda ake sake makullin mota a Saudiyya idan ya ɓace ko ya lalace

'Yan'uwanmu da yawa masu cin abinci da mota a Jidda, Makka da Madina da makulli ɗaya tal suke yawo. Motar hannu ce aka saya, mai sayarwa ya miƙo makulli guda, aka karɓa aka ce in an samu sarari za a yanko wani. Sararin ba ya zuwa, sai ranar da makullin ya faɗi a wurin alwala, ko aka neme shi aka rasa ga alhazai tsaye da kayansu suna jira. Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, yin makulli na biyu alhali na farko yana hannunka aiki ne na ɗan lokaci da kuɗi kaɗan. Yin sa bayan babu ko ɗaya wani aiki ne daban, mai cin kuɗi da cin rana.

Dalilin haka yana cikin kan makullin. A motocin zamanin da, ƙarfen ne kaɗai makulli: in haƙoransa sun dace da ramin, mota ta tashi. Yanzu a cikin baƙar robar nan da kake riƙewa akwai wata 'yar na'ura da ba ta fi ƙwayar shinkafa girma sosai ba, ita ce tiransifonda, masu shago a nan kuma shariha suke ce mata. Ba ta da batir. A bakin ramin makulli akwai zoben waya da aka naɗe. Kana murɗawa sai zoben ya saki igiyar rediyo mai rauni, yawanci a kan kilohaz 125, wadda ke ba 'yar na'urar ƙarfin da za ta amsa da lambarta. Kwamfutar mota ta duba lambar. In tana cikin waɗanda aka yi mata rajista, ta saki mai da wuta. In ba ta ciki, wata motar za ta yi ta juya inji ba ta kama ba, wata ta kama ta mutu nan take, wata ko motsi ba za ta yi ba. Wannan tsarin ne imobilaiza. Jamus da Ingila sun wajabta shi a sababbin motoci tun 1998, Kanada a 2007. A Amurka kuwa, inda ba a wajabta ba, motocin Hyundai da Kia masu yawa da aka ƙera tsakanin 2011 da 2021 sun fito babu shi, kuma ɓarayi sun yi musu ɓarna ƙwarai bayan da dabarar sace su ta bazu a TikTok. Saboda haka kada ka ɗauki tsarin nan a matsayin wahalar da kamfani ya ɗora maka. Shi ne mai gadin motarka da dare.

Da farko ka tabbatar makullin ne ya lalace. Maɓallan buɗe ƙofa da tiransifonda ba abu ɗaya ba ne, ko da suna cikin gida ɗaya. Maɓallan da batir suke aiki, sau da yawa ɗan zagayayyen nan CR2032. In ƙofa ta daina buɗewa daga nesa amma mota tana tashi, batir kawai za ka canza. In motarka mai maɓallin tayarwa ce, ta rubuta maka ba ta ga makulli ba, zaro ɗan ƙarfen da ke ɓoye a jikin rimot ɗin ka buɗe ƙofa da shi, ka taka birki, ka manna rimot ɗin a jikin maɓallin, sannan ka danna. A motoci da yawa za ta tashi, domin a nan kusa zoben yake. Ka duba kuma 'yar jar fitilar nan mai hoton mota da makulli a gaban direba. In ka sa makulli ta ci gaba da ƙiftawa, motar ba ta gane shi ba. Kafin ka tafi shago, cire shi daga cikin sauran makullai ka gwada shi kaɗai, don makullai biyu masu shariha a zobe ɗaya sukan rikita juna.

Daga nan sai takardu. Ka ɗauki istimara, wato takardar rajistar mota, da iƙama, wato katin izinin zamanka. In motar da sunan kafili ko kamfani take, ka tafi da shaidar tafwidi, wato izinin da mai motar ya ba ka na tuƙa ta, ko ka sa mai motar ya raka ka. Kada ranka ya ɓaci don mai shago ya nemi takarda. Wanda zai yanka maka makulli ba tambaya, gobe zai yanka wa wani na motarka. Rubuta lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, tana kuma jikin ƙofa. In motar ta zo da wani ɗan falle mai lamba a rataye da makullai, nemo shi, da lambar nan ake yanka ƙarfe ko babu na kwaikwaya.

Sai zaɓen wurin zuwa. Akwai wakala, wato dillalin kamfanin, irin su Abdul Latif Jameel ga masu Toyota. Akwai kuma shagunan makullai na sana'iyya, wato unguwar masu gyaran mota, da na bakin titi. Wakala ta fi tsada, wani lokaci sai an yi odar makullin ka jira kwanaki, amma na asali za ka samu. In motar sabuwa ce tana cikin garanti, ni dai shawarata wakala. In tsohuwar Camry ce ko Hilux ko Sonata da ta sha hanyar Hijira ta tsakanin Makka da Madina, mai shagon kirki zai gama maka a zama ɗaya. Ka gaya masa tun farko ko motar ta Khaliji ce, wato wadda aka ƙera don ƙasashen Larabawa na yankin nan, ko shigowar Amurka, domin rimot ɗinsu ba ya jituwa: na Amurka yawanci a kan megahaz 315 yake, na nan kuma sau da yawa 433. Masu Toyota su duba jikin ƙarfen kusa da robar, za su iya ganin ɗigo ko harafin G ko H. Alamar irin sharihar ce, kuma wata ba ta zama a madadin wata.

A shagon, tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: "Mu'allim, kwafi za ka yi mini ko barmaja?" Kwafi shi ne a karanta lambar makullinka a zuba ta cikin sabuwar shariha. Motar ba ta san an yi sabo ba, a wurinta makulli ɗaya ne. Yana da sauƙi, ya kuma wadatar in ajiya kawai kake so. Barmaja kuwa sai an jona na'ura a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ana ce mata OBD, a shigar da sabon makullin cikin rajistar motar da lambarsa ta kansa. Wasu motoci, kamar Hyundai da Kia, sai an shigar da lambar sirri kafin su yarda. A tsofaffin Toyota kuma akwai babban makulli mai baƙin kai da ƙarami mai ruwan toka, kuma da babban ake ƙara wani. Ka je da duk makullan da kake da su, har wanda ke wurin uwargida, domin a motoci da yawa duk wanda bai halarci barmajar ba fita yake yi daga rajista.

In makullin ɓacewa ya yi, ba lalacewa ba, kwafi bai ishe ka ba. Ka ce a goge ɓataccen daga kwamfutar. Mutane suna tsallake wannan don rage 'yan riyaloli, alhali wanda ya tsinci makullin a bakin masallacin unguwarku ya san motar, ya san inda take kwana. Bayan gogewa ƙarfen zai iya buɗe ƙofa har yanzu, amma inji ba zai tashi ba. In kana ajiye kaya masu daraja a ciki, sai ka canza ramukan ƙofa ma.

Wanda ya rasa duka makullansa, shi ne zai kira sataha, wato motar ɗaukar motoci, ta ɗauki motar, ko ya nemi mai makulli mai zuwa har inda take. Za a buɗe ƙofa, a yanka ƙarfe daga lamba ko daga ramin, a sake rajista daga tushe. A wasu tsofaffin motoci sai an ciro kwamfutar an sake rubuta ta. A irin wannan matsi ne wani zai ce maka a kashe imobilaizar gaba ɗaya, ko a liƙa shariha a jikin zoben don kowane ƙarfe ya tayar. Don Allah kada ka yarda. Motar da kake ciyar da iyali da ita ce za ka bari a buɗe. Haka nan ka yi hattara da rimot na tashlihi, wato wurin da ake sayar da kayan motocin da aka farfasa, da yawansu a ɗaure suke da motarsu ta farko, ba sa karɓar wata sai an warware su.

Kada ka biya sai ka gwada a gaban mai shagon. Kowane makulli, tsoho da sabo, ka tayar da mota da shi, ka bar ta ta yi aiki na ɗan lokaci, sauran makullan suna nesa da motar don kada wani ya amsa a madadin wani. Gwada ƙofar direba da ƙarfen, gwada but, danna kowane maɓalli. Karɓi rasiti mai sunan shagon. Na ajiyar kuma a gida za ka bar shi, ko wurin wani amintacce da zai iya kawo maka, ba cikin motar ba, inda zafin rana ke cinye batir.