Kurakuran da aka fi yi wajen karanta wasiƙun Timoti da Titus

Wasiƙu uku na Sabon Alkawari, wato Timoti ta fari da ta biyu da kuma Titus, waɗanda ke ɗauke da sunan manzo Bulus a matsayin marubuci, su ne ake buɗewa duk lokacin da za a naɗa fasto ko dattijo, kuma su ne masana suka fi jayayya a kan wanda ya rubuta su. Yawancin kurakuran da ake yi a kansu sun samo asali ne daga gaggawar ɗora wa nassi ko tarihi abin da bai faɗa ba.

Kuskuren da ke buɗe ƙofa ga sauran shi ne ɗaukar ukun tamkar littafi ɗaya. Sai a ƙarni na 18 aka fara kiran su da suna guda, wasiƙun kiwon ikilisiya, alhali halinsu ya bambanta. Timoti ta fari ta shafi ikilisiyar Afisa da ta riga ta kafu, har tana da rajistar gwauraye mata da ake tallafa wa. Titus ta shafi sababbin ikilisiyoyi a tsibirin Karita, inda ba a ma naɗa dattawa ba tukuna. Timoti ta biyu kuwa wasiyya ce ta ɗan kurkuku da ke jiran mutuwa, babu jerin sharuɗɗan shugabanni a cikinta. Gyaran shi ne a karanta kowace daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya, kafin a kwatanta ta da 'yan'uwanta.

A batun marubuci, ɓangarorin biyu duk suna zarce gona da iri. Wasu kan ce babu mai shakkar cewa Bulus ne ya rubuta su sai maƙiyin Littafi Mai Tsarki. Wannan rashin adalci ne, domin shakkar tana da dalilai. Masanin tauhidi Bajamushe Friedrich Schleiermacher ya tayar da ita a kan Timoti ta fari a 1807, daga baya Ferdinand Christian Baur ya ƙarfafa ta a kan duka ukun a 1835. A 1921 P. N. Harrison ya ƙirga kalmomin Girkancin wasiƙun, ya samu 848 ban da sunaye, kuma 306 daga ciki ba su zo a sauran wasiƙu goma da ke ɗauke da sunan Bulus ba. Ga kuma tafiye-tafiyen da aka ambata, kamar aikin bishara a Karita da barin Tarofimas da rashin lafiya a Militas, waɗanda ke da wuyar daidaitawa da labarin Ayyukan Manzanni. Markiyon, wanda ya tara wasiƙun Bulus wajen shekara ta 140, guda goma kawai ya lissafa, babu waɗannan.

Wasu kuma kan ce bincike ya gama tabbatar da cewa jabu ne, kuma wannan ma wuce iyaka ne. Gaskiya ne yawancin masana a jami'o'in Turai da Amurka suna ganin wani almajirin Bulus ne ya rubuta su bayan mutuwarsa, a ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu, amma hujjojin ba su rufe ƙofa ba. Wasiƙun gajeru ne ƙwarai, ƙidayar kalmomi kuwa ba ta cika ƙarfi a kan ɗan ƙaramin rubutu ba, musamman idan batu da mai karɓa sun canza. Bulus yana amfani da magatakarda, kamar Tartiyas da ya ambaci kansa a Romawa 16:22. Littafin Ayyukan Manzanni ya tsaya ne Bulus yana tsare a Roma bai faɗi ƙarshensa ba, kuma Yusibiyus, masanin tarihin ikilisiya na ƙarni na 4, ya ruwaito cewa an sake shi kafin a kuma kama shi. Folikaf, bishop na Simirna, ya yi amfani da kalaman da suka yi daidai da 1 Timoti 6:7 da 6:10 tun farkon rabin ƙarni na 2, Ireniyus, bishop na Lyon, kuma ya jingina wasiƙun ga Bulus wajen 180. A ganina, mai koyarwa ya kamata ya bayyana matsayinsa tare da hujja mafi ƙarfi ta ɗaya ɓangaren. Ya kuma auna Timoti ta biyu daban, domin roƙon da ke cikinta na a kawo alkyabbar da aka bari a Taruwasa wurin Karbus, tare da littattafai, ya sa har wasu masu shakka suna ganin akwai ainihin kalaman Bulus a ciki.

Akwai wata magana da ake yawan maimaitawa don kwantar da hankali, wai rubutu da sunan wani al'ada ce karɓaɓɓiya a wancan zamani, saboda haka babu damuwa. Ba a bin wannan ido rufe. Tartuliyan, marubucin Kirista na wajen shekara ta 200, ya ba da labarin wani dattijon ikilisiya a Asiya da ya ƙaga labarin ayyukan Bulus, ya ce ƙaunar Bulus ce ta sa shi, amma duk da haka ya rasa muƙaminsa. Ikilisiyar farko ta karɓi waɗannan wasiƙu ne bisa imanin cewa na Bulus ne.

A fannin koyarwa, an fi kuskure wajen neman tsarin shugabanci na yau a cikin nassin. Titus 1:5-7 ta fara da dattawa, ta ci gaba da mai kula da ikilisiya, tana nufin mutane iri ɗaya. Tsarin bishop guda a sama da dattawa da dikinoni ya fito fili ne a wasiƙun Ignatiyus na Antakiya, wajen shekara ta 110. Abin da jerin sharuɗɗan ya nanata kusan duka hali ne: kamun kai, karɓar baƙi, rashin son kuɗi, iya riƙe gida. Haka ma malaman ƙarya da ake suka, bai kamata a yi saurin liƙa masu sunan wata ƙungiya ta ƙarni na 2 ba. Abin da nassin ya nuna shi ne masu son zama malaman Shari'ar Musa, masu shagala da tatsuniyoyi da jerin asali, masu hana aure da wasu abinci, da irin su Himinayas da Filitas da ke cewa tashin matattu ya riga ya wuce.

Sharaɗin “mijin mace ɗaya” a 1 Timoti 3:2 yana da nauyi a arewacin Najeriya da Nijar, inda auren mace fiye da ɗaya sananne ne, kuma nan da nan ake ɗaukarsa a matsayin hukunci a kan wannan batu kaɗai. Ya shafi batun, amma a biranen Girkawa da Romawa auren mace ɗaya ne doka ta sani. Sura 5:9 ta juya maganar a kan gwauruwa, “matar miji ɗaya”, ga shi kuwa babu al'adar mace ta auri maza biyu a lokaci guda. Wasu iyayen ikilisiya sun fahimce shi a matsayin hana aure na biyu bayan mutuwar mata, sai dai 5:14 ta shawarci gwauraye masu ƙuruciya su sake aure. Shi ya sa masu fassara da yawa suke ganin amincin aure ne jigon maganar, wanda ya fi ƙidayar mata faɗi.

1 Timoti 2:11-15, wadda ta hana mace koyarwa ko iko a kan namiji, ita ce aka fi cirewa daga mahallinta. Masu ɗaukarta doka ta har abada suna dogara ga ambaton Adamu da Hawwa'u a aya ta 13 da ta 14, masu ganin ta taƙaita ga Afisa kuma suna nuni da 2 Timoti 3:6, inda malaman ƙarya ke kutsawa gidaje suna rinjayar mata. Kowane ɓangare yana da aikin da ba zai tsallake ba. Na farko dole ya yi bayanin Firiskila da ta koyar da Afolos tare da mijinta Akila a Afisa ɗin kanta, da Fibi ma'aikaciyar ikilisiya a Romawa 16:1. Na biyu dole ya yi bayanin dalilin komawa labarin halitta. Dukansu kuma su fuskanci aya ta 15 mai maganar ceto ta wurin haihuwa, wadda masu wa'azi kan tsallake.

Ƙananan kurakurai na ƙaulin aya ba su da wuyar gyara. 1 Timoti 6:10 ta ce son kuɗi, ba kuɗi ba, shi ne tushen mugunta. “Kowane Nassi hurarre ne” a 2 Timoti 3:16 ta biyo bayan ambaton littattafan da Timoti ya sani tun yana yaro, wato na Tsohon Alkawari, domin a lokacin ba a tattara Sabon Alkawari ba. Maganar Titus 1:12 cewa Karitawa maƙaryata ne, an ɗauko ta daga bakin wani ɗan tsibirin, wanda Kilement na Iskandariya ya ce Efimenidis ne, kuma an kawo ta ne a kan wasu masu ruɗa gidaje don neman riba, alhali a cikin Karitawan nan aka umarci Titus ya zaɓi dattawa marasa abin zargi.