Sankarar jini mai gashi: inda aka fi yin kuskure

Wannan nau'in sankarar jini ba ta da yawa, kusan kashi 2 cikin 100 ne na sankarar jini baki ɗaya, kuma ta fi kama maza 'yan shekara 50 zuwa sama. Likita Bertha Bouroncle ce ta fara bayyana ta a Amurka a 1958. A madubin likita, ƙwayar jinin da ta kamu na fitowa da siraran zare a gefenta kamar gashi.

Babban kuskure a wajenmu shi ne ɗora wa maleriya laifin duk saifar da ta kumbura, alhali wannan cutar ma tana kumbura saifa. Magidanci zai zo da nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ya ci loma biyu ya ce ya ƙoshi, ga kasala, ga zazzaɓi yau da gobe. Sai a yi ta ɗura masa maganin maleriya wata da watanni. Gyaran ba wuya: a ƙirga ƙwayoyin jininsa, a shafa jinin a gilashi a duba. In jajaye da farare da masu tsayar da jini duk sun yi ƙasa tare, a tura shi wurin likitan jini. Kada a tsaya jiran kaluluwa, cutar ba kasafai take fito da ita ba.

Wani lokaci a soka allura don zuƙo ɓargo, ko ɗigo bai fito ba, sai a ce hannun likita ne. A'a, cutar ce ke sa ɓargon ya yi tauri. A ciro ɗan guntun ƙashin a auna, a kuma nemi sauyin ƙwayar halitta mai suna BRAF V600E da aka gano a wannan cutar a 2011, wanda kusan duk masu ainihin cutar suke da shi.

Wajen magani kuwa, gaggawa ke jawo ɓarna. Wanda jininsa bai faɗi sosai ba, sa ido ya wadatar. In lokaci ya yi, maganin cladribine na kwana 5 zuwa 7 kan kwantar da cutar na shekaru, amma ba a fara shi ga mai fama da wata cutar da ƙwayoyin cuta suka jawo sai an shawo kanta, domin yana ƙara karya garkuwar jiki. Zazzaɓi bayan maganin na asibiti ne a ranar, ba na kemis ba. Kada kuma a ce magani bai ci ba tun makon farko. Sai bayan wata 4 zuwa 6 ake sake duba ɓargo. In cutar ta dawo, akwai magungunan rituximab da vemurafenib.