Yadda za a kare kifin tafki daga gubar fuloraid

Kafin ka zuba ruwan burtsatse a tafkin tarwada, kai samfurinsa ɗakin gwaji a auna fuloraid da kalsiyam. Fuloraid sinadari ne da ke narkewa a ruwa daga duwatsu, ba shi da launi ko wari, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa a Tibiri ta Nijar da Langtang ta jihar Filato ya yi suna da shi.

Gubar ta fi tsanani idan kalsiyam ya yi ƙaranci ko ruwa ya yi ɗumi. Kifi zai daina cin abinci, ya riƙa iyo a karkace, yauƙi ya rufe jikinsa.

Da ka ga haka, tsayar da abinci, ka sauya rabin ruwan da wanda aka gwada. Zuba garin jifsam (wani farin dutse mai laushi) kaɗan-kaɗan, domin kalsiyam ɗinsa yana kama fuloraid. Kada ka dogara da tafasa ruwa, ƙara wa fuloraid ƙarfi take yi. Tacewa da gawayin ƙashi ta fi.