Yadda za ka maimaita motsi a katun ba tare da ka gundiri mai kallo ba

Duk mai zana katun sai ya maimaita, ko yana so ko ba ya so. Sakan ɗaya na fim hoto 24 ne, kuma ko da kowane zane zai fito sau biyu, zane 12 ke nan. Lokacin da Osamu Tezuka ya fara Astro Boy a talabijin ɗin Japan a 1963, ajiye zanen da suka riga suka yi suke, su sake ɗauko shi, don shirin ya riƙa fita duk mako. Shi ya sa ba na hana kowa maimaici. Abin da nake so ka koya shi ne inda za ka karya shi.

Fara da rubuta wa jaruminka ƙa'idoji biyu ko uku da ba ya tsallakewa. Tun 1949 Coyote, karen dajin katun ɗin Chuck Jones, ke bin tsuntsun nan Road Runner yana ɗana masa tarko, kuma kowa ya san ba zai ci shi ba. Da mai kallo ya san haka, sai hankalinsa ya koma kan ta wace hanya tarkon zai juyo kan mai shi.

Sai ka ɗauki motsi ɗaya, a ce yarinya ce ke tura ƙofar da ta ƙi buɗuwa. Karo na farko ka zana shi cikakke: ta sa kafaɗa, ta tura, ta ja da baya. Karo na biyu ka rage zane, ka gaggauta, ai an riga an gane. A na uku ka canza abu guda tak. Ko ƙofar ta buɗe kafin ta taɓa ta, ta afka ciki, ko kuma ta tsaya cak na hoto talatin, sannan ta ƙwanƙwasa a hankali. Ni tsayawa cak ɗin na fi so, domin a nan halin yarinyar ke fitowa. Idan ka canza wuri da kusurwa da sauri a lokaci guda, ba wanda zai gane tsohon motsin ne ka karya.

Tafiya, gudu da bayan fage, sake amfani da su ba laifi, masu kamfanin katun na Hanna-Barbera a Amurka sun yi shekaru suna haka. Amma fuska a lokacin baƙin ciki ko yanke shawara, zana ta sabuwa. In ka gama, kashe sauti ka nuna wa wani, ka lura da inda ya kau da ido, ka yanke daga nan.