Yadda Ake Jiran Rabo Irin na Lawiyawa a Legas

Da aka raba ƙasar Kan'ana, kowace kabila ta Isra'ila ta sami yankinta da iyakokinta, ban da Lawi, kabilar da aka keɓe domin hidimar Ubangiji. Ubangiji ya riga ya gaya wa Haruna, babban firist daga kabilar Lawi, cewa shi da kansa ne rabonsa da gādonsa (Ƙidaya 18:20). Ɗan'uwan da ya baro gonar gado a Arewa, yake zaman haya a Agege ko Idi-Araba, ya san ɗacin wannan zama. To, jiran Lawiyawa yana da tsari, ana kuma iya koyonsa.

Ka fara da sanin abin da aka yi maka alkawari. Samu littafin rubutu, ka karanta Ƙidaya 18 da 35, sannan Joshuwa 21, babi ɗaya kowane dare. Ja layi a tsakiyar shafi. A gefe ɗaya rubuta abin da Allah ya ce zai ba Lawiyawa: zakar jama'a, garuruwa 48 da makiyayarsu, shida daga ciki na mafaka. A ɗaya gefen rubuta abin da bai ce ba, wato yanki nasu na kansu. Sai ka yi wa buƙatunka irin wannan rabo. Abincin yau da hikima ga mai roƙo suna cikin alkawari. Fili a Lekki kafin Kirsimeti ba ya ciki. Yawancin masu fushi da Allah a nan suka kauce: sun ɗauki burin zuciyarsu sun sa masa sunan alkawari.

Bayan haka ka lura da lokaci. Tun a filayen Mowab aka yi maganar garuruwan, Musa yana da rai. Amma sai da aka haye Urdun, aka yi yaƙe-yaƙe, kowa ya karɓi nasa, sannan shugabannin Lawiyawa suka je Shilo wurin Ele'azara firist da Joshuwa, suka tuna musu umarnin Ubangiji. Ba su tsallake layi ba, ba su kuma yi shiru da lokaci ya yi ba. Idan maigida ya riƙe albashinka na gadi wata biyu, jira ba ya nufin ka kame baki. Ka yi addu'a, ka same shi da ladabi, da ranar da kuka yi yarjejeniya da adadin kuɗin a rubuce, in da hali tare da wani dattijo a matsayin shaida.

Lissafi ma ɓangaren dogara ne. In kuɗin hayarka naira 480,000 ne, saura wata takwas, to 60,000 ke nan kowane wata. Ka sani tun yanzu, ka shiga adashi da mutanen da ka yarda da su, ka kawo giɓin gaban Allah da ainihin adadinsa.

Abin da ya fi cin mutum a Legas shi ne duba na wani. A Ƙidaya 7 an kawo kekunan shanu shida da shanu 12, aka raba su tsakanin iyalan Lawiyawa. 'Ya'yan Gershon suka sami kekuna biyu, 'ya'yan Merari huɗu, 'ya'yan Kohat ko ɗaya, domin kayan tsarki a kafaɗa ake ɗaukarsu. Wanda ya gani daga nesa zai ce an cuci Kohat, alhali akwatin alkawari ne a hannunsu. Ran da hoton sabuwar motar tsaranka a WhatsApp ya hana ka barci, tambayi kanka wane kaya aka ɗora maka kai.

Akwai kuma gajeriyar hanya. Mahukunta 17 ya ba da labarin wani saurayi Balawe daga Baitalami mai neman wurin zama. Wani mutum mai suna Mika ya yi masa tayin shekel goma na azurfa a shekara, da sutura da abinci, ya zama firist na gumakan gidansa. Ya karɓa. Da mutanen kabilar Dan suka zo da tayi mafi tsoka, ya kwashi gumakan ya bi su yana murna. Duk tayin da ya zo maka lokacin matsi, ka ba shi kwana uku, ka nuna wa mutum biyu masu tsoron Allah. In an ce kada ka gaya wa kowa, ko an nemi ka ba da lambar asusunka a wuce da kuɗin da ba ka san tushensu ba, ka bar shi.

Dattawan ikkilisiya, ku ma da naku. Tanadin Lawiyawa ta hannun jama'a yake bi. A Nehemiya 13 an daina ba su rabonsu, sai suka watse kowa ya koma gonarsa, Haikali ya zama ba mai kula. Nehemiya bai tsawata wa Lawiyawan ba, shugabanni ya tsawata wa. Ku duba littafin ma'aji wannan Lahadi: wata nawa fasto da mai shara suke bin ku, su wa kuma suka zo daga gida bana ba su da wurin kwana?